Daga Batirin Zelda Zuwa Daskarar da Wasa

A farkon shekarun 1980, kashe na'urar wasan bidiyo na nufin komawa farko. Wasu wasannin kan ba ɗan wasa dogayen haruffan sirri ya rubuta a takarda, kuskuren harafi ɗaya kuwa ya jefa shi cikin asara.

A 1987 kamfanin Nintendo ya fitar da The Legend of Zelda a Amurka da ƙaramin batiri cikin kaset ɗin, wanda ke riƙe bayanan ci gaba ko an kashe na'ura. Amma batiri yana ƙarewa. Masu Pokémon Gold da Silver na 1999 sun ɗanɗana kuɗarsu, domin agogon cikin kaset ya riƙa shanye batirin, ajiyar shekaru ta salwanta. PlayStation ta 1994 kuwa ta zo da katin ajiya mai gurabe 15.

Manhajojin kwaikwayon na'ura a kwamfuta, irin su NESticle da ZSNES na 1997, sun yaɗa wata dabara: daskarar da wasa a kowane lokaci, a kwafe duk abin da ke ƙwaƙwalwar na'urar. Sai dai wannan kwafi ya dogara da tsarin manhajar da ta yi shi. Sabuwar sigarta na iya ƙin buɗe shi, kuma idan an daskarar bayan matsala ta shiga wasan, da matsalar ake adanawa.

Ajiyar da wasan ke yi da kansa kuwa ƙaramin fayil ne mai tsari tsayayye, shi ya sa galibi ake iya ɗaukarsa daga wata manhaja zuwa wata.