Ƙugiya Huɗu da Kibod: Daga Dorugu na Dambanas zuwa Teburin Ƴaƴanmu

A ƴan shekarun nan wani sabon kaya ya shiga jerin abubuwan da yaran da suka kai lise ko jami'a ke roƙon iyayensu, wato ƙaramin kibod mai sifirin, irin wanda ke ƙara ƙas-ƙas idan ana bugawa, wani ma har da fitilu masu canja launi. Malamai ƴan uwana a nan Tsauni da Matamai su ma sun fara tambaya, musamman waɗanda madannan kwamfutarsu ta hannu suka mutu saboda ƙura, suna neman na waje mai araha da za su jona. Tambayar kowa ɗaya ce: wanne ya fi kyau a kuɗi kaɗan? Ni kuwa a ganina akwai tambayar da ta riga wannan: shin abin zai rubuta Hausa? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya faro ne daga ƙasarmu ta Kance.

Wajen shekarar 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance. Mahara suka kama shi yana ƙarami, ya tsinci kansa bawa a Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu ya bi Heinrich Barth har Tambutu, daga nan suka ƙetare Sahara, ya isa Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, James Frederick Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa da haruffan Turawa. Da taimakon wannan zama Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Ke nan Hausar da ta fara shiga injin ɗab'i da yawa haka, Hausar yankinmu ce.

Sai dai haruffan Turawa ba su da gurbin wasu sautukan da ke bakin Dorugu. Bature ba ya jin bambancin baki da baƙi, ko fada da faɗa, ko bari da ɓari, don haka littattafan farko suka haɗe su wuri guda. Malamanmu na allo sun riga su gano bakin zaren. Mai rubuta ajami yana da kaf lasan don rubuta kara, yana da ƙaf wau don rubuta ƙara, kuma yana ɗaukar ɗa mai hannu ya rubuta ɗaki. Boko ne ya zo da giɓi, kuma an ɗauki shekaru da dama ana neman yadda za a cike shi.

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, shekarar da Dorugu ya rasu a Kanon. A wancan zamani kowane marubuci da dabararsa: wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya rataya masa waƙafi a gefe. A 1926 aka kafa wata cibiyar nazarin harsunan Afirka a Landan, inda masani Diedrich Westermann ya jagoranci tsara haruffan da za su dace da sautukan nahiyar. Daga wannan aiki ƙugiya ta fito. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke riƙe da hukumar talifi a Zariya, aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ a matsayin haruffan Hausa. A wannan zamanin ne aka yi gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma a watan Janairu 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam na editanta. Jarida da littattafan makaranta su suka zaunar da ƙugiya a idon mai karatu.

A wannan gefe namu na iyaka labarin ya bambanta. Faransawa sun mai da Damagaram babban birnin mulkinsu har zuwa 1926 da suka koma Yamai, amma lakwal ɗinsu ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Bafaranshe bai kafa wa Hausa hukumar talifi ba. Sai bayan ƴancin kai a 1960 aka soma gyara. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1980 aka sake zama a Yamai don kusanto da rubutun Nijar da na Najeriya, sannan a watan Oktoba 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasa ta fitar da dokar da ta tsayar da haruffan Hausa a Nijar. Wannan ne ya sa muke rubuta ƴaƴa da ƙugiya ta huɗu, alhali ƴan uwanmu na Daura da Kano suna sa waƙafi a gaban y. A watan Maris 2025 kuma sabon kundin tsarin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Duk wannan gwagwarmaya a kan takarda aka yi ta. Inji kuwa yana bin tasa hanyar daban, bai san ana yi ba. Christopher Latham Sholes, wani Ba'amurke a garin Milwaukee, ya sami rajistar keken rubutunsa a 1868, kamfanin Remington ya fito da shi kasuwa a 1874 da jerin haruffan da muke kira QWERTY. Faransawa suka sauya wa wasu haruffa wuri, nasu ya zama AZERTY. Ingila ta kai na farko Najeriya, Faransa ta kawo mana na biyu. Ku dubi kowanne da kyau. Dukansu suna da q da v da x, waɗanda Hausa ba ta da aikin yi da su, amma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. A kan AZERTY har akwai maɓalli sukutum na harafin ù, wanda kalma ɗaya tak ke amfani da shi a Faransanci, alhali ƙ da ke cikin ƙasa da ƙofa da ƙauna ba ta da ko lungu.

Waɗanda suka yi zamanin tafireta sun san yadda ake fama. Akawu zai buga takarda da b da d da k, in ya gama ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana rataya ƙugiya da hannu. Wanda ya gaji ya bar ta haka. Najeriya ta yi yunƙuri a shekarun 1980, inda cibiyar harsuna ta ƙasar ta tsara haruffa 33 da za su wadaci manyan harsunanta a kan keken rubutu guda, amma kafin abin ya bazu kwamfuta ta riga ta shigo. Ita kuma ta zo da tsarin ASCII na 1963 mai gurbi 128 kacal, wanda aka yanka daidai wuyan Ingilishi. Sai a 1991 tsarin Unicode ya fito, ya ba kowane harafinmu mai ƙugiya lambarsa, babba da ƙarami. Tun daga ranar kwamfuta ta san haruffanmu. Abin da ya rage shi ne yatsa ya san inda zai same su.

A nan ne nake ganin laifin ya dawo kanmu. Shekara da shekaru muna karanta Hausa marar ƙugiya a intanet da saƙonnin waya, har ido ya saba. Babba yana cike giɓin da kansa, domin ya san maganar tun kafin ya ga rubutun. Yaron da ke koyon karatu ba shi da wannan gata. In ka ba shi jarrabawa an rubuta "ya bata" a inda ake nufin "ya ɓata", ka koya masa cewa rubutu abin zato ne. Su kansu Faransawa ba su yarda da irin wannan ba: da ma'aikatar al'adunsu ta koka a 2016 cewa AZERTY na hana rubuta Faransanci daidai, sai da aka fitar da sabon ma'aunin kibod a 2019. In masu harshen da aka ƙera injin dominsa sun nemi gyara, mu me muke jira?

To, mu dawo kan ƙaramin kibod. Bambancinsa da na yau da kullum shi ne kowane maɓalli yana da nasa makunni da sifirin a ƙarƙashi, maimakon shimfiɗar roba guda da ke ƙarƙashin dukkan madannai. Kamfanin Cherry na Jamus ya yi suna da irin wannan makunni tun shekarun 1980, kuma da wa'adin rajistarsa ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin irinsa da araha. Shi ya sa abin ya iso kasuwar Dole a Damagaram da shagunan titin Beirut a Kano. Amfaninsa ga mai ƙaramin ƙarfi a fili yake: ana cire hulunan madannai a kakkaɓe ƙurar hunturu, kuma a wasu samfuran in maɓalli ɗaya ya mutu ana zare makunninsa a sa wani ba tare da an je wurin mai gyara ba.

Amma ƙanƙanta tana da farashi. Cikakken kibod yana da maɓalli 104 a tsarin Amurka, 105 a tsarin Turai. Wanda aka yanke wa ɓangaren lambobi yana da 87 ko 88. Mafi ƙanƙanta da matasa ke so yana da 61 ko kusa da haka. Duk maɓallin da aka cire, an ɓoye aikinsa ne a ƙarƙashin wani, kuma a nan ne mai rubuta Hausa zai buɗe ido.

Abu na farko da nake dubawa shi ne maɓallin Alt na hannun dama, wanda ake rubuta wa AltGr a kan AZERTY. A tsarin Hausa da ke cikin Windows, shi ake dannewa tare da b, d, k ko y a sami ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. A tsarin Faransanci ma da shi ake samun alamar @ ta adireshin imel. Wasu ƙananan kibod sun cire shi sun sa maɓallin Fn ko kibiya a gurbinsa. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, ya zame maka aiki.

Na biyu, ku tambayi yaron wane jeri yake koyo a lakwal. Kayan da ke shigo mana ta Daura da Ɗan Barto kusan duk QWERTY ne na tsarin Amurka, kwamfutocin ofisoshinmu da makarantunmu kuwa galibi AZERTY ne. Gaskiya ne abin da aka zana a kan maɓalli fenti ne kawai, kwamfuta ce ke yanke harafin da zai fito, don haka ana iya sa wa kibod na Kano tsarin Faransanci. Sai dai mai koyo yana kallon yatsunsa, zai danna q ya ga a, kuma zai rasa maɓallin nan na kusa da Shift na hagu mai alamomin < da >, wanda ɗalibin lissafi ke bukata. Wanda zai riƙa rubuta Faransanci kullum ya nemi tsarin Turai. Wanda Hausa da Ingilishi ne aikinsa, QWERTY ya ishe shi.

Na uku, waya ta fi batir. Mai igiyar USB ba ya neman caji, ya fi araha, kuma ba ya mutuwa a tsakiyar aiki ranar da babu wuta. Fitilu masu launi ado ne da ke shan batirin kwamfuta, kada a ƙara ko dala saboda su. Na huɗu, a kula da ƙara. Makunni mai launin shuɗi shi ne mai ƙas-ƙas, ja yana tafiya sumul, ruwan ƙasa yana tsakani. Gidan da mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, ko malamin da ke shirya darasi bayan lisha, ja ko ruwan ƙasa ya fi masa zaman lafiya. In kuɗin ya kai, mai maɓalli 68 ko 87 ya fi mai 61 ga mai rubutu, domin yana da kibiyoyin da ake yawo da su cikin shafi ana gyara.

Kafin a biya, a jona shi a shagon, a sa tsarin Hausa a kwamfutar, a rubuta ɓarawo, ɗalibi, ƙasa da ƴaƴa, manya da ƙananan haruffa. In sun fito, a yi ciniki. Wanda kwamfutarsa ba ta da tsarin, manhajar Keyman kyauta ce kuma tana da na Hausa. A waya ma Gboard yana da Hausa, sai dai a shiga saiti a ƙara ta.

Wanda kuma aljihunsa bai kai ga mai sifirin ba, kada ya damu. Kibod na roba na hannu, mai cikakkun madannai, yana rubuta ƙugiya daidai da mai tsada, kuma da babu gara ba daɗi. Abin da ba ya sayuwa a kasuwa shi ne malamin da zai ƙi karɓar aikin gida marar ƙugiya, da uban da zai duba saƙon ɗansa ya ce masa ya gyara. Daga littafin Schön na 1862 zuwa dokar 1999 shekara 137 ke nan ana neman wa waɗannan sautuka mazauni a rubuce. Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa, takardun da za a rubuta da ita za su ƙaru, kuma yaran da ke ajinmu yau su ne za su buga su. Mu koya musu inda ƙugiya take tun a kibod ɗinsu na farko. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya sa iliminsu ya amfane mu.