Dillanci ta intanet

Dillanci ta intanet hanyar kasuwanci ce wadda mutum ke tallata kayan wani kamfani a shafinsa. Idan wani ya bi mahaɗin da kamfanin ya ba shi ya sayi kayan, sai a biya shi la'ada. Tsarin ya yi kama da aikin dillalan hatsi da dabbobi a kasuwanni irin ta 'Yankara da ke ƙaramar hukumar Faskari a jihar Katsina. Dillali ba shi da kaya nasa, aikinsa haɗa mai saye da mai sayarwa ne.

Tarihi

Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe shirinsa mai suna Associates a shekarar 1996, kuma yana cikin shirye-shiryen da suka yaɗa wannan sana'a a duniya. A Najeriya, kamfanonin Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, su ma sun buɗe irin wannan shiri.

Shafi mai jigo ɗaya

Dillalai da yawa kan gina shafi a kan abu guda, misali fitilun sola ko injin ban ruwa. Sukan yi bayani su kwatanta kayayyaki, domin masu bincike a Google su iso shafin. Kuɗin shiga ya dogara ne da yawan baƙi da kuma kason la'ada, kuma dukansu biyun ba a hannun dillali suke ba. A Afrilun 2020 Amazon ya rage la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa kashi 3. Haka kuma sauyin da Google ya yi wa tsarin bincikensa a Satumban 2023 ya rage baƙin ƙananan shafuka masu yawa.

Tantance kwas

Ana sayar da kwasa-kwasan koyon sana'ar a Facebook da WhatsApp. Kafin biyan kuɗi, ana duba abubuwa kamar haka:

- Ko malamin yana da shafin da za a iya ziyarta, domin hoton alat na banki ba hujja ba ce.
- Shekarar da aka shirya darussan, ganin yadda dokokin kamfanoni ke sauyawa.
- Kuɗin da zai biyo baya, wato na sunan shafi, masaukinsa da data.
- Hanyar karɓar la'ada daga cikin Najeriya.
- Inda ribar ke fitowa. Idan sayar da kwas ɗin ga sababbin ɗalibai ne kawai ke kawo kuɗi, tsarin ya kusanci irin na MMM, wanda ya dakatar da biyan masu zuba kuɗi a Najeriya a Disamban 2016.

Matsalar sabis

Sana'ar tana buƙatar intanet da wutar lantarki a kullum. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. A irin wannan yanayi shafi yana ci gaba da aiki, amma mai shi ba ya iya sabunta shi.