Jam'iyyar da Ta Ce Gwamnati Ta Rage Hannu, da Abin da Zangon Kumasi Ya Gani

A cikin akwatin ƙarfen da kakana ya bari akwai mabuɗi ɗaya da bai dace da kowace ƙofa ta gidanmu ba. Muna yara mun sha tambayarsa na ina ne, sai ya ce na maƙwabcinsa ne da ya yi tafiya, zai dawo ya karɓa. Har kakana ya koma ga Allah mai mabuɗin bai dawo ba. Sai da na girma na gane cewa a ƙarshen 1969 mutumin ya tafi, kuma gwamnatin da ke kan mulki a lokacin ta fito ne daga gidan siyasar da su biyun suka yi wa wahala tun 1954. Tarihin wannan gida nake so in ba da, kamar yadda ake ganinsa daga Aboabo da Sabon Zango da Akwatia Line, domin har yau shi ne babban gidan siyasar da ke cewa gwamnati ta rage hannu a kan dukiyar mutane a ƙasar Gana.

Zangon Kumasi goro ne ya kafa shi. Da kasuwar Salaga ta mutu bayan yaƙin basasar 1892, Turawan Ingila kuma suka shiga Kumasi a 1896, fatake suka matso kusa da dajin da goron yake. Hausawa suka zo, Mosawa da Wangarawa da Yarbawa da Zabarmawa da Kotokoli suka zo, harshen Hausa ya zama shi ne abin da ya haɗa su. Ƙasar da suka zauna a kai ta Tonawa ce, wato Asante. Saboda haka baƙon da ke son fili ko rumfa a kasuwa ya san dole ya zauna lafiya da masu gari. Kuma ɗan kasuwa, ko a ina yake, ba ya son gwamnatin da ke yanka masa farashi ko ta tsare shi a hanya da takardu. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka ja dattawanmu zuwa inda suka je.

Tun 1932 akwai ƙungiyar Musulmin Gwalkwas, wadda aikinta taimakon juna ne kawai. A 1953 ta shiga zaɓen majalisar birni a Akra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, a 1954 kuma ta zama cikakkiyar jam'iyya mai suna MAP. Kukanta na yau da kullum ne: wa ke samun rumfa a kasuwa, wa ke samun lasin, me ya sa ba a jin muryar mutanen Zango a majalisa alhali suna biyan haraji. A Kumasi manyanta su ne Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan.

A watan Agustan 1954 gwamnatin CPP ta Kwame Nkrumah ta tsayar da farashin koko, ba na sha ba, wanda ake yin cakulan da shi. Ta ce za a riƙa biyan manomi sule 72 a kan kaya ɗaya mai nauyin laba 60, har tsawon shekara huɗu. A lokacin farashinsa a kasuwar duniya ya haura ninki biyu na wannan. Manomi ba shi da wani mai saye sai hukumar koko ta gwamnati, wadda aka kafa a 1947, don haka ragowar kuɗin baitulmali yake shiga. Babban kaso na kokon ƙasar kuwa daga Asante yake fitowa. Ga kuma wani ciwon: a majalisa mai kujera 104, Asante ta nemi 30, aka ba ta 21.

Ranar 19 ga Satumban 1954 dubban mutane suka taru a bakin rafin Subin a tsakiyar Kumasi, aka yanka rago, aka ƙaddamar da ƙungiyar NLM. Shugabanta shi ne Baffour Osei Akoto, babban kakakin Sarkin Asante Prempeh na Biyu. Daga maganar farashin koko aka wuce zuwa babbar magana: a yi mulkin tarayya, kowane yanki ya riƙe wani kaso na arzikinsa da ikonsa, a kafa majalisa ta biyu da sarakuna za su zauna, kada mutum ɗaya a Akra ya riƙe komai. Takensu da harshen Twi shi ne “Mate me ho”, wato na ware kaina. Dakta K. A. Busia da Dakta J. B. Danquah suka mara mata baya, su ne suka ba ta akida. Danquah yana ganin aikin gwamnati shi ne ta kare rai da 'yanci da dukiyar mutum, ta sakar wa jama'a mara su mallaki abin kansu.

MAP ta ƙulla ƙawance da NLM. Kakana yana cikin waɗanda suka bi. Yakan ce shi bai taɓa noman koko ba, amma wanda ya iya yanka wa manomi farashi yau, gobe zai yanka wa mai goro. Ba duk Zango ne ya bi ba. Akwai masu yawa, musamman samari da waɗanda suke ganin Hausawa sun danne sauran ƙabilu a sarautar Zango, da suka tsaya tare da CPP. Jagoransu a Kumasi shi ne Malam Mutawakilu. Rabuwar ta shiga gidaje, ta shiga sarauta, ta kai har ga rigimar babban masallacin Kumasi wadda ta ɗauki shekaru.

Kada mai karatu ya ɗauka siyasar muhawara aka yi kawai. A watan Oktoban 1954 wani jami'in CPP ya soke E. Y. Baffoe, sakataren farfaganda na NLM, ya mutu. Daga nan Kumasi ta rikice. Aka yi ta ƙone gidaje da jefa nakiya, 'yan CPP da yawa suka gudu daga garin, kowane ɓangare ya tara 'yan bangarsa, kuma samarin Zango suna cikin kowanne. Nkrumah shi ma yana da hujjarsa. Ya ce ƙasa ƙarama mai mutum ƙasa da miliyan shida ba za ta iya ɗaukar nauyin gwamnatoci huɗu ko biyar ba, kuma kuɗin koko na ƙasa baki ɗaya ne, da shi za a gina makarantu da hanyoyi har a Arewa inda ba a noman koko. Turawa suka ce to a koma ga akwati. A zaɓen Yulin 1956 CPP ta ci kujera 71, NLM ta ci 12, duka a Asante, jam'iyyar mutanen Arewa ta ci 15. MAP ta samu ɗaya tak, ta Kumasi ta Arewa, wadda lauya Cobina Kessie ya ci da ƙuri'un Zango. Maganar tarayya ta faɗi. Abin da aka samu kawai shi ne alkawarin majalisun yankuna a tsarin mulkin 1957, su ma aka rushe su a 1959.

An samu 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Ba a yi wata shida ba sandar sabuwar gwamnati ta sauka, kuma a Zango ta fara sauka. Aka ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar, aka ce baƙi ne. Suka garzaya kotu a Kumasi suka ce a nan aka haife su. Ana cikin shari'ar, a watan Agusta, majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, wadda ta ba da ikon korar su ko me kotu za ta ce. Aka kai su Najeriya. Sarautar Zango ta koma ɓangaren Malam Mutawakilu.

A watan Disambar 1957 aka yi dokar da ta haramta jam'iyyar ƙabila ko yanki ko addini. 'Yan adawa sun hango ta, don haka tun kafin ta fito suka dunƙule wuri ɗaya: NLM da MAP da jam'iyyar mutanen Arewa da ƙungiyoyin Ewe da na Ga suka zama UP, Busia ne jagora. Wannan shi ne tushen gidan, kuma ya kamata ɗan Zango ya sani cewa da kakanninsa aka aza tubalin. A 1958 aka yi dokar tsare mutum shekara biyar ba tare da shari'a ba. Busia ya tsere daga ƙasar a 1959. Baffour Akoto ya shiga kurkuku, Danquah ya tsaya masa lauya har kotun ƙoli, a 1961 kotu ta ce tsarewar tana kan doka. A 1964 Gana ta zama ƙasar jam'iyya ɗaya. Danquah da kansa ya rasu a kurkukun Nsawam ranar 4 ga Fabrairun 1965. Duk abin da NLM ta ce zai faru idan iko ya taru a hannu ɗaya, ya faru. Amma da kuɗin kokon nan aka gina tashar jiragen ruwa ta Tema da makarantun sakandare masu yawa, wannan ma gaskiya ne.

Soja suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairun 1966. A zaɓen Agustan 1969 Busia ya dawo da jam'iyyar PP, magajiyar UP, ta ci kujera 105 cikin 140. Tsofaffin 'yan MAP suka yi murna, suna ganin wahalarsu ta biya. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Hujjarta ita ce rashin aikin yi da fasaƙwauri da cewa baƙi sun mamaye ƙananan kasuwanci. To amma wa ke da takarda a Zango? Mutanen da suka shigo da ƙafa tun ba a san fasfo ba, da 'ya'yansu da aka haifa a Kumasi, waɗanda doka ta ce haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta wadatar ba sai an duba inda aka haifi iyaye. Fiye da mutum 100,000 suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu ko sayarwar ba su samu ba. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa kawai.

A nan ne maƙwabcin kakana ya kulle ɗakinsa ya miƙa masa mabuɗi. Shekara 50 ya yi a Kumasi, garin da aka ce nasa ne kuwa bai san kowa a cikinsa ba. Daga ranar kakana bai ƙara zuwa taron siyasa ba. Bai koma wa kowa ba, ya dai yi shiru.

A shekarar 1970 ɗin dai gwamnatin ta sallami ma'aikata 568 a lokaci ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara ya ci, Busia ya fito a rediyo ya ce babu kotun da za ta tilasta wa gwamnati ta mayar da shi. Jam'iyyar da jagoranta ya mutu a kurkuku yana kare ikon kotu ce ta faɗi haka. Ba ina cewa PP ba ta yi abin kirki ba. Ta kai ruwa da hanyoyi karkara, ba ta kuma dawo da dokar tsare mutane ba shari'a ba. A Disambar 1971 ta karya darajar sidi da kashi 44 cikin ɗari, ranar 13 ga Janairun 1972 Kanar Acheampong ya kifar da ita.

Gidan bai mutu ba. A 1979 ya rabu biyu tsakanin Victor Owusu da William Ofori Atta, Hilla Limann ya bi ta tsakiya ya ci. A 1992 ya sake haɗuwa da sunan NPP, mai alamar giwa. Ta daɗe tana neman wanke tabon 1969. Ta kafa reshen Zango ta sa masa sunan Hausa, Nasara. John Kufuor ya ci zaɓen 2000 tare da Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa. A 2017 Nana Akufo-Addo ya kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya Zanguna. A 2024 jam'iyyar ta tsayar da Dakta Mahamudu Bawumia takarar shugaban ƙasa, John Mahama na NDC ya kayar da shi. Duk da haka, a Kumasin da ake kira gidan NPP, mazaɓar Asawase inda Zanguna suka fi yawa ba ta taɓa fita daga hannun NDC ba tun da aka ƙirƙire ta a 2004.

Maganar rage hannun gwamnati kuwa, tana nan a baki, amma aikin ya sha bamban. Kufuor ne ya kawo inshorar lafiya ta ƙasa a 2003 da ciyar da yara a makaranta. Akufo-Addo ya kawo sakandare kyauta, ya kuma naɗa ministoci da mataimakansu 110. Hukumar koko da aka yanka rago a bakin Subin saboda ita, har yau ita ke yanka farashi, kuma gwamnatocin NPP sun riƙe ta shekara 16 ba su rushe ta ba.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi bai wuce biyu ba. Na farko, dattawan 1954 ba su yi kuskure ba da suka ji tsoron iko mai yawa a hannu ɗaya. Inda lissafinsu ya gaza shi ne sun ɗauka haɗarin yana ga wanda ke riƙe da sandar ne kawai. Ikon korar mutum da aka gwada a kan mutum biyu a 1957 shi ne abokansu suka gwada a kan dubbai a 1969. Najeriya ma ta ɗauki irin sandar a 1983 ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Na biyu, a duk lokutan nan tambaya ɗaya aka yi wa ɗan Zango: ina takardarka? Har yau idan ana rajistar katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, sunan mutum da harshensa kan sa a tsaya ana yi masa wannan tambayar.

Saboda haka idan ɗan siyasa ya shigo unguwa, na giwa ne ko na laima, ba girman gwamnati ko ƙanƙantarta nake fara tambayarsa ba. Ina tambayarsa wace doka ce za ta hana shi taɓa ni ranar da ya samu iko, kuma ko zai bi kotu ranar da ta saɓa masa. Ku kuma iyaye, ku yi wa 'ya'yanku takardar haihuwa tun suna goye, ku adana ta inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Mabuɗin yana wurina yanzu. An rushe ɗakin tuntuni, an yi shaguna a wurin. Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.