Yadda ake gane ko filin haƙar kwal ya farfaɗo

Farfaɗo da filin haƙar kwal shi ne a cike ramin da aka kwashe ma'adinin, a mayar da ƙasar sama da aka jibge gefe, a shuka ciyawa da itatuwa. Mataki na ƙarshe, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne bibiya: a riƙa komawa shekara bayan shekara ana awo, har a tabbatar tsiron ya kafu.

A Najeriya an fara haƙar kwal a Inugu a 1916, akasari ta ƙarƙashin ƙasa. Amma a Maiganga da ke Ƙaramar Hukumar Akko a Jihar Gombe, da Okaba a Jihar Kogi, da Anu Araren kusa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR na Nijar da aka kafa a 1975 yake aiki, yaye ƙasar ake yi daga sama. Irin wannan haƙa ce ke cinye gonaki da makiyaya.

Ƙasar da aka mayar ba ta zama kamar ta dā. Manyan motoci sun daddanne ta, ruwa ba ya shiga sosai, kuma idan ƙasar sama ta daɗe a jibge, irin ciyayin da ke cikinta yakan mutu. Ga kuma duwatsu masu farar wuta da kan fito tare da kwal, waɗanda idan suka haɗu da iska da ruwa sukan sa ƙasa ta yi tsamin da ke kashe saiwa.

Tushen awon shi ne kwatanci. Ana zaɓar wani fili kusa da wurin, wanda haƙa ba ta taɓa ba, ya zama ma'auni. A filayen biyu ana ja igiya, a aza katako mai kusurwa huɗu, mita ɗaya kowane gefe, a wuraren da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, don kada mai awo ya bi inda ya fi kyan gani. Sai a lissafa kashi nawa cikin ɗari tsiro ya rufe, da iri nawa ne suka fito, da dashe nawa ya rayu. Ana kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji, a kuma ɗauki hoto daga tsayuwa ɗaya kowace shekara. Irin tsiron ma shaida ne: filin da gamba da bagaruwa da kalgo suke haihuwa da kansu ya kama hanya, wanda kuwa tumfafiya kaɗai ta mamaye yana da sauran aiki.

Lokacin awo ne ya fi yaudarar mutane. A watan Agusta ko juji kore ne. Alƙalin gaskiya shi ne Maris da Afrilu, bayan hunturu da gobarar daji da haƙoran awaki sun gama nasu. Hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2, da ake samu kyauta tun 2015, suna nuna kore daga sama, sai dai ba sa bambanta ciyawar kiwo da ta banza. Gawo ma yakan ruɗe su, tun da shi da damina yake kaɗe ganye.

Filato ta riga ta ba da darasi, ko da yake kuza aka haƙa a can. An dasa itatuwan turare a kan tarin ƙasar da aka baje, suka yi tsawo gwanin sha'awa, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna ƙasar ƙarƙashinsu ba ta samu wani ƙarfin kirki ba, tsami ma ta ƙara.

Dokar Amurka ta 1977 ta ɗaure batun da kuɗi. Kamfani yana ajiye jingina kafin ya fara haƙa, ba ya karɓar ta duka sai tsiron ya kai kashi 90 cikin ɗari na ma'aunin, ya kuma riƙe shekara 5 inda ruwan sama ya haura milimita 660, ko shekara 10 inda bai kai ba. Ƙidayar tana farawa ne daga shekarar da aka daina ban ruwa da sa taki. Da za a ari wannan ƙa'ida, Gombe a rukunin shekara 5 za ta faɗa, amma ƙasar da ruwanta ke sauka cikin wata biyar, sauran bakwai rani, shekara 10 ta fi dacewa da ita.

Dokar Ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi gyara wurin da ya haƙa, ta tanadi asusun gyaran muhalli da kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Kebbi ba ta cikin jihohin da aka sani da kwal, amma ramukan zinare na yankin Yawuri, da na jar ƙasa da masu aikin hanya kan bari a gefen titi, da wannan igiya da wannan katako za a auna su. Don haka dagacin Kurgu a yankin Bagudo, ko jami'in da aka kawo wa takardar miƙa fili ya sa hannu, yana da hujjar neman sakamakon awon rani na shekaru a jere, tare da na filin ma'auni, kafin ya ɗauki biro.