Unguwannin Kano da Baƙin da Suka Kafa Su

Da yawa daga cikinmu a Kano muke neman abinci. Wasunmu sun shekara ashirin a can, wasu talatin, sun yi aure sun hayayyafa, amma idan aka tambaye su abin da suka sani game da birnin, ba zai wuce hanyar gida zuwa kasuwa ko ofis ba, sai fa tashar da ake shiga motar garinmu ranar jajibirin Sallah. Kullum muna ambata wa mai Adaidaita Sahu sunayen unguwanni, Ayagi, Alfindiki, Zangon Barebari, ba tare da mun tsaya mun tambayi dalilin da ya sa aka kira su haka ba. Alhali kuwa a cikin waɗannan sunaye ne birnin ya adana labarin baƙinsa, kuma duk wanda ya baro garinsu ya zo fatauci ko karatu ko aikin gwamnati yana da rabo a cikin wannan labari.

Tushen Kano dai Dala ne. A gindin wannan dutse mutanen farko suka zauna suna narkar da tama suna ƙira, kuma binciken masana ya nuna ana wannan aiki a wurin tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, sannan ya ce Bagauda ya zo ya karɓi mulki, abin da masana suka ƙiyasta a shekarar 999. To, shi kansa Bagauda baƙo ne. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya kuma suka riƙa faɗaɗa ta, har ta kewaye gidaje da gonaki da wuraren kiwo, yadda ko an yi wa garin ƙawanya ba za a rasa abin sa wa a baki ba. Wannan yalwar fili a cikin badala ita ta ba sarakuna damar yanka wa kowane ayarin baƙi wurin zama.

A zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau gadon mulki a 1349, Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali da littattafansu da hajarsu, kuma ana danganta unguwar Madabo da su, wadda ta daɗe tana cibiyar karatun fiƙihu. Bayan fiye da shekara ɗari sai ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya gina fadar da ake kira da sunansa har yau, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya zo daga Arewacin Afirka, ya rubuta masa nasiha a kan sha'anin mulki, ya bar zuriya a garin, kuma daga nan unguwar Sharifai ta samo asali. Karofin Ƙofar Mata ma ana jingina kafuwarsa ga ƙarshen wannan zamani, wato 1498.

Kurmi ce ta jawo sauran. Duk wanda ya ratsa lungunan da ke kewaye da ita zai tarar da taswirar hanyoyin fatauci na dā a cikin sunaye. Ga Dandalin Turawa, inda 'yan kasuwar Gadamas da Tarabulus suka zauna. Kada mai karatu ya ruɗe, domin kafin zuwan Nasara Larabawa ake kira Turawa a ƙasar Hausa. Ga Alfindiki, sunan da ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Daga wurin waɗannan mutane ne Kano ta koyi gurasa da alkaki, waɗanda yau ba mai ce musu abincin baƙi. Zangon Barebari na mutanen Barno ne, Agadasawa na mutanen Agadas, Tudun Nufawa na Nufawa, Ayagi kuwa ta Yarabawa ce, waɗanda suka zauna a cikin ganuwa tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Nijeriya. Ko unguwar Kabara, gidan marigayi Shehu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, sunanta na wani gari ne a bakin kogin Kwara kusa da Timbuktu, inda kakansu Malam Umaru ya fito. Bayan jihadi kuma, da aka ci Sarki Alwali a 1807, gidajen Fulani suka sami nasu unguwanni, irin su Yola da Dambazau.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A cikin birnin Kano wannan magana ba ta cika ba, domin raɓar ta zauna ta yi saiwa. Hanyar kuwa sananniya ce. Baƙo ya sauka wurin fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. Idan ya yi shekaru aka ga halinsa, sai a ba shi mata, ya bi liman ɗaya da maƙwabta, 'ya'yansa su shiga makarantar allo ɗaya da 'ya'yansu. Kafin jikoki su girma harshen kakanni ya tafi, sai sunan unguwa kawai ya rage yana ba da shaida. Yau in ka je Ayagi ko Zangon Barebari ka ce wa dattijo shi baƙo ne, ka nemi faɗa. Mu kan ji Kanawa suna yi wa garinsu kirari cewa ko da me ka zo an fi ka, mu kan ji haushi a ɓoye, amma da za a bi diddigi, da yawa daga waɗanda suka fi ka ɗin kakanninsu ma da ƙunshin kaya a ka suka shigo.

Misali mafi kusa shi ne Alhassan Ɗantata. A Bebeji aka haife shi a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da asalinsu ya fito daga wajejen Azbin. Ya yi fataucin goro a Gwanja, sannan ya dawo ya kafa gida a Koki daidai lokacin da cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a unguwar Dala a 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya ce adadin kan ninka a lokacin rani idan ayari suka shigo. Wato rabin mutanen da ke cikin Kano a tsakiyar kakar ciniki baƙi ne, kuma garin bai ƙuntata da su ba.

Al'amarin ya sauya bayan da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Turawan mulki ba su zauna cikin birni ba, sai suka kafa mazauninsu a gabas, wajen Nasarawa da Bompai. A can ne Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa kuma yana nan ana ziyarta. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai ga wani sabon irin baƙi: akawuna da masu aikin reluwe da 'yan tireda daga Kudu da Saliyo da ƙasar da ake kira Ghana a yau. Maimakon a bar su su bi tsohuwar hanya ta fatoma da maƙwabtaka, sai aka yanka musu Sabon Gari a 1913, a wajen ganuwa, aka shata tituna miƙaƙƙu, aka kuma ɗauke ta daga ikon Sarki na tsawon shekaru. Sunayen da aka raɗa wa titunanta, irin su Yoruba Road da Abeokuta Road da Enugu Road, su ma suna faɗin inda mazaunan suka fito. Kwara, wato mutanen Labanan da Siriya, aka ba su nasu yanki kusa da Fagge, kuma daga kantunansu ne Kantin Kwari ta sami suna. Fagge kanta tsohon zango ne na ayarin raƙuman Buzaye, sai ta zama mazaunin duk Bahaushen da ya zo daga wani gari bai sami shiga birni ba. Tudun Wada da Gwagwarwa kuma suka tattara tsofaffin sojoji da leburori.

A ganinmu nan ne aka yi ɓarna. Bayaraben Ayagi ya zama Bakano, amma Bayaraben Sabon Gari, wanda aka haifi ubansa da kakansa a can, har yau ana tambayarsa garinsu. Ba mu ce Turawa kaɗai ke da laifi ba, domin bambancin addini da rigingimun siyasa sun taka tasu rawa, sai dai katangar da aka gitta tsakanin unguwanni ta sa mutane sun yi shekaru suna ciniki da juna da rana, da dare kowa ya koma nasa ɓangare bai san gidan abokin cinikinsa ba. Da rikici ya tashi a watan Mayu na 1953, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka gwabza, aka yi asarar rayuka, kuma abin da ya faru a 1966 ya fi wannan muni ƙwarai. Duk da haka Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci gaba da haɗa kowa da kowa, kuma bisa al'ada idan Sarki ya yi Hawan Nasarawa yakan ratso ta Sabon Gari da Fagge kafin ya koma gida, jama'ar can su fito su yi gaisuwa.

Mu da muka zo daga baya, galibinmu ba mu sami wuri a birni ko a Fagge ba. Muna Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da Hotoro da Naibawa, wuraren da a zamanin iyayenmu gonaki ne da ƙauyuka. A nan mai gida ba fatoma ba ne, kuɗin hayarsa kawai ya sani, kuma mutum kan shekara biyar bai san mai unguwarsu ba. Babu wata unguwa da za a kira da sunan garinmu kamar yadda aka yi wa mutanen Agadas, don mun warwatsu, kowa inda ya sami fuloti. 'Ya'yanmu kuwa Hausar Kano suke yi, idan sun zo gida da Sallah kakanninsu na yi musu dariyar karin harshe.

Tsohon birnin ma yana zaizayewa a kan idonmu. An sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta amince da su tun 2007, amma a wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi bulo, an gina shaguna a kan gurbinta. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Kududdufan da aka haƙa aka gina gidajen unguwanni da ƙasarsu, waɗanda ke shanye ruwan damina, an cike da yawansu an yi gini, shi ya sa ruwa ke shiga ɗakunan mutane. A Ƙofar Mata rijiyoyin rini da dama sun bushe, tsofaffin da suka rage suna aiki a kaɗan daga ciki.

Wanda ke son ya kai iyalinsa su ga abin da ya saura, ya fara da Gidan Makama, daura da fadar Sarki, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zamanin dā. Daga nan ya shiga Kurmi ta layin dukawa da masu sayar da kayan doki, ya fita ta Jakara ya sayi gurasa. Idan ƙafa ba ta gaji ba sai ya hau matakalar Dala da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi. Daga saman dutsen ana hango Gwauron Dutse ta yamma, da hasumiyoyin Babban Masallaci wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da rufin kwanon unguwannin da muke haya a cikinsu, sun miƙe har inda ido ya gaza.