Awa 50 Kafin Hazo: Nazari kan Shirin Tuƙin Jirgin Sama da Na'ura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Na'ibawa da safiyar watan Janairu ya san aikin hazo. Ƙurar hunturu ta haɗu da hayaƙin Sharada da Challawa, tirelar da ta fito daga Zariya ba ka ganinta sarai sai ta matso. Wannan matsalar ce ta raba tuƙin jirgin sama gida biyu, tuƙi da ido da tuƙi da na'ura.

Ɗalibin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ido yake farawa. In ya doshi Kano, ga titin mota da layin dogo a ƙarƙashinsa, ga ruwan Tiga yana ƙyalli a dama. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce, kafin a ba matuƙi shaidar tuƙi da na'ura, sai ya tara awa 50 na doguwar tafiya yana jagorantar jirgi, da awa 40 yana tuƙi da na'ura.

A ganina, a cikin awa 50 ɗin nan ake cin riba ko a yi asara. Mai bin titi kawai yana kallon ƙauyuka ya cika takarda, amma hannunsa bai koyi komai ba. Mai hangen nesa kuwa zai kama tashar VOR ta Kano, wato tashar rediyo mai nuna wa jirgi hanya, tun daga nisa, ya bi allurarta, ya riƙe tsayinsa kada ya kauce da ƙafa 100, ya saba magana da hasumiya, sannan ya leƙa ƙasa ya ga ko na'urar ta faɗi gaskiya. Yau da gobe, sai ya amince da ita.

Amincewar nan kuwa ita ce rai. In sararin sama ya ɓace, ruwan cikin kunne yana yaudarar mutum, jirgi ya karkata shi kuma yana jin daidai yake. A gwajin da Jami'ar Illinois ta Amurka ta yi a 1954, matuƙan da ba su koyi na'ura ba, daƙiƙa 178 suka yi a matsakaici kafin jirgi ya kuɓuce musu.

Don haka ɗalibi, tun sama na garau ka fara tuƙi kamar hazo ya riga ya sauka.