Daga Niyuton Zuwa Ainstain: Tambayar Da Ta Ƙi Amsuwa

A shekarar 1687 ne masanin nan na Ingila, Aizak Niyuton, ya wallafa littafinsa Principia, inda ya nuna cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne dai yake riƙe da wata bisa tafarkinsa. Lissafinsa bai kuskure ba, amma masana irin su Laibniz na Jamus suka yi masa ca: ta ƙaƙa rana za ta fizgi duniya alhali babu igiya, babu sanda a tsakaninsu? A bugu na biyu, na 1713, Niyuton ya fito fili ya ce bai gano musabbabin wannan fizga ba, kuma ba zai ƙaga shi da ka ba.

Haka magana ta kwana har shekara ɗari biyu. A watan Nuwamba na 1915, a birnin Balin, Albat Ainstain ya zo da wani bayani dabam. A ganinsa sarari da lokaci abu guda ne, tamkar zaren tsaye da na kwance a saƙa guda, kuma duk abin da ke da jiki ko kuzari yana lanƙwasa wannan saƙa. Wato duniya ba janta ake yi ba, hanya mafi miƙewa take bi a cikin lanƙwasasshen fili. Ranar 29 ga Mayu, 1919, lokacin kusufin rana, ayarin Ata Edinton a tsibirin Firinsipe da ke mashigin tekun Gini, da wani ayarin a Sobral ta Barazil, suka ɗauki hotunan da suka nuna hasken taurari na karkacewa in ya gifta kusa da rana.

To, amma an amsa wa Laibniz ke nan? Rabin amsa aka ba shi. Lissafin Ainstain yana faɗin gwargwadon lanƙwasar da kowane nauyi zai haifar, ba ya faɗin dalilin da ya sa yake haifar da ita. Tambayar ƙaura kawai ta yi.

Masana ba su naɗe hannu ba. A 1967 Andire Sakarof na Rasha ya kawo shawarar cewa taurin sarari ya samo asali ne daga motsin ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda taurin ƙarfe ya samo asali daga ƙwayoyinsa. A 1995 Ted Jakobsan na Amurka ya fitar da lissafin Ainstain daga dokokin zafi, aiki mai ban sha'awa ƙwarai, sai dai shi ma sai da ya ɗora shi a kan wasu sharuɗɗan da aka karɓa ba tare da an bayyana tushensu ba. Har yanzu babu gwajin da ya tabbatar da ɗayan biyun. Hatta adadin da ke nuna ƙarfin fizgar, wanda ake fitarwa daga irin awon da Henri Kabendish ya yi a 1798, aunawa ake yi a ɗakin gwaji. Babu ƙa'idar da ta ce ga abin da ya sa ya zama haka.